Yadda Ake Zaɓar Gitar Bas Mai Gajeriyar Tsarkiya da Yadda Ake Kaɗa Ta

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gitar bas mai gajeren wuya ta yara ce ko ta masu koyo, kuma wannan zato ya hana makaɗa da dama gwada kayan kiɗan da zai iya dacewa da hannunsu fiye da wanda suke fama da shi. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya yi suna da Höfner 500/1, Jack Bruce na ƙungiyar Cream ya riƙe Gibson EB-3, duka biyun kuwa gajeru ne. Abin da ya kamata mai saye ya fara fahimta shi ne cewa gajartar tana sauya murya da kuma yadda yatsu suke ji, saboda haka ba a kaɗa ta kamar yadda ake kaɗa doguwa.

Da farko a tabbatar da tsawon. Abin da ake aunawa shi ne sashen tsarkiyar da yake kaɗawa, wato daga matashin da ke saman wuya zuwa jakin da tsarkiyoyi suke hawa a gangar jiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna daga matashin zuwa firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuya), sannan a ninka biyu. Doguwar bas, wadda kamfanin Fender ya kafa ma'auninta da Precision Bass a 1951, inci 34 ce, kimanin santimita 86. Gajeriya kuwa inci 30 ce ko kusa da haka, kamar Fender Mustang da ta fito a 1966, sannan akwai matsakaiciya mai inci 32.

Inci huɗun nan suna da tasiri fiye da yadda ido yake gani. Idan kaurin tsarkiya ɗaya ne, kuma an ɗaure ta a kan sauti ɗaya, ƙarfin ɗaurin gajeriya yakan gaza na doguwa da wajen kashi 22 cikin ɗari. Daga wannan sassaucin ne muryarta take fitowa: mai kauri, mai zagaye, tana bugowa da nauyi a farkon sauti sannan ta lafa da wuri, ba tare da yawan ƙarar ƙarfe da doguwa take da shi ba. A ganina wannan murya ce mai daɗin zama a ƙarƙashin waƙa, domin tana cika wuri ba tare da ta yi gasa da mawaƙi ba. Amma sassaucin yana da illarsa, kuma a tsarkiyar E, wadda ta fi kowacce kauri, ake fara jin ta. Lokacin gwaji, a kaɗa wannan tsarkiya a sake, wato ba tare da an danna ta ba, sannan a danna firet na ɗaya, na uku da na biyar a hankali, a saurara ko kowane sauti yana fita daban ko kuwa duk sun cakuɗe sun zama gunji. Bas ɗin da ta faɗi wannan jarrabawa da sababbin tsarkiyoyi ba za ta gyaru da sauƙi ba.

Kada kuma a ɗora wa tsawo laifin da ba nasa ba. Tsofaffin Gibson EB sun shahara da murya mai duhu, amma babban dalili shi ne ƙaton fikof ɗin, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsarkiya, da aka dasa dab da wuya. Mustang, wadda fikof ɗinta yake wajen tsakiya, ta fi su tsabtar murya nesa ba kusa ba, alhali tsawonsu kusan ɗaya ne.

Wajen hannun hagu, sauƙin a bayyane yake. Tazarar firet huɗu na farko a doguwar bas takan kai inci bakwai, a gajeriya kuwa inci shida ne da ɗan ɗoriya, saboda haka ƙaramin yatsa yana isa inda ake so ba tare da an murɗe wuyan hannu ba. Wanda ya saba da doguwa zai riƙa zarce wuri a kwanakin farko, kuma maganin wannan shi ne ya rage sauri har yatsu su koyi sabuwar tazarar. A rataya ta a kafaɗa a saki hannu kafin a biya kuɗi, domin wasu masu ƙaramar gangar jiki wuyansu yakan rinjaya ƙasa.

Hannun dama ne ya fi buƙatar sabon horo. Tsarkiya mai sassauci ba ta son duka. Idan aka fizge ta da ƙarfi sai ta doki firet, ta yi ƙarar kwano, sautin kuma ya ɗan haura kafin ya dawo daidai. A taɓa ta a hankali, a bar amfulifaya ta yi aikin ɗaga murya. Idan ana son sauti mai tsauri, a matsar da yatsu kusa da jaki, inda tsarkiyar ta fi taurin taɓawa. Idan kuwa ana son kauri da laushi, a koma wajen ƙarshen wuya.

Batun tsarkiya shi ne inda aka fi yin kuskure. Ba a sa tsarkiyar doguwar bas a gajeriya, domin sashenta mai kauri zai naɗe a jikin maɗauri, kuma yana iya karyewa a nan. Haka nan rubutun da ke kan fakiti ba ya wadatarwa: Mustang tana ratsa tsarkiyoyinta ta cikin gangar jiki, don haka sau da yawa matsakaita ne suke yi mata daidai, ita ma Höfner tana buƙatar ƙarin tsawo saboda irin ƙarfen da ke riƙe gindin tsarkiyoyinta. A auna tsohuwar tsarkiya daga ƙwallon gindi zuwa inda ta tsallake matashi kafin a sayi sabuwa. Idan E ta yi laushi fiye da kima, a gwada mai kaurin inci .105 ko .110. Masu santsin jiki suna ƙara fito da tsohuwar murya mai nauyi, masu kaushi kuwa suna dawo da hasken da gajartar ta rage.

Bayan sauya kaurin tsarkiya, wuyan yakan ɗan motsa, don haka a duba lanƙwasarsa, a kuma ɗaga tsarkiyoyin kaɗan idan suna goga firet. Daga nan a saita kowace tsarkiya a sake, a danna ta a firet na 12, a dubi na'urar saita sauti: idan sautin ya haura, a ja sirdin jakin, wato ɗan ƙarfen da tsarkiyar take zaune a kai, baya don tsarkiyar ta ƙara tsawo, idan ya gaza kuma a turo shi gaba, a sake ɗaurewa, a sake dubawa har su daidaita.