Yadda ake gane madigadi na asali a tsofaffin baburan Ingila

A jikin tsohon babur na Ingila, madigadi ne ya fi komai saurin sauyawa. Shi ke shan laka da ruwa, shi ke fara loɓawa idan babur ya faɗi. Ga kuma samarin Ingila masu son gudu, waɗanda a shekarun 1960 suka riƙa kwance manyan madigadi na ƙarfe suna yarwa, su ɗaura sirara na alminiyam. Shi ya sa za ka ga BSA ko Triumph mai injinsa da tankinsa na asali, amma murfin tayarsa baƙo ne. Ni abin yana damuna, don da madigadi ake gane zubin babur tun daga nesa.

Kada ka fara da madigadin. Fara da lambar firam da ta inji, domin sai ka san shekarar babur da samfurinsa kafin ka san abin da ya kamata ya ɗauka. Ka tuna cewa shekarar kamfani ba ta bin kalanda: Triumph kan soma ƙera zubin sabuwar shekara tun wajen Agusta na wadda ake ciki. Daga zubin 1969 sun sauƙaƙa mana aiki da haruffa biyu a lambar, na farko wata, na biyu shekara, inda C ke nufin 1969, D 1970, E 1971. Idan ka samu shekarar, nemi littafin kayan gyara na wannan shekarar. A na Triumph, madigadin gaba yana cikin lambobin da suka fara da H, waɗanda daga baya suka koma 97, na baya kuma yana cikin F, da suka koma 82 ko 83. Idan lambar ta canza tsakanin littafin bana da na bara, to mai yiwuwa akwai abin da ya canza a ƙarfen, ko da rami ɗaya ne.

Daga nan sai siffa. Tsaya a gaban babur ka duba lanƙwasar madigadin: wani zagaye yake kamar harafin C, wani bayansa ya ɗan miƙe, wani yana da jijiya a tsakiya daga kai har wutsiya, wani kuma gefensa ya sauko ƙasa ya rufe sashen taya. Bonneville na Triumph misali ne mai kyau. Na farko, na 1959, ya fito da manyan madigadi masu saukowa gefe da fitila a cikin ƙoƙo, irin na Tiger 110. A 1960 aka mayar da su sirara, aka fito da fitila waje. Saboda haka siririn madigadi a kan na 1959, komai kyansa, ba nasa ba ne.

Haka labarin “baho”, wato rufin ƙarfen da Triumph ya lulluɓe tayar baya da shi tun daga samfurinsa Twenty One na 1957, ya kuma kai shi kan manyan baburansa irin su Thunderbird a 1960. Masu baburan da yawa ba su so shi ba, musamman a Amurka, sai suka cire. Idan ka ga firam na waɗannan shekaru da kunnuwan ɗauri da babu abin da suke riƙe, ko alamar inda aka yanke su, mai yiwuwa baho ne asalin wurin, kuma madigadin gabansa ma babba ne mai buɗaɗɗen baki. Kamfanin Vincent kuwa madigadi iri biyu ya yi: na alminiyam da ake kira Birmabright, da manya na ƙarfe ga masu tafiya mai nisa. Duka biyun na asali ne, ya danganta da yadda babur ɗin ya bar masana'antarsu ta garin Stevenage.

Yanzu ɗauko maganaɗisu. Idan ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne. Idan ya ƙi sam, alminiyam ne, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko kuma faiba da aka fente. Bi da shi a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Inda ka ji ya saki alhali kusa da wurin yana kamawa, an cike da bodifila, kuma sau da yawa tsohon rami ne aka ɓoye a ƙarƙashi.

Ramuka su ne inda na fi ɓata lokaci, don ba sa ƙarya. Kwance madigadin ka kifa shi. Ramin kamfani bakinsa sumul ne, yana zaune daidai da ɗan'uwansa na ɗaya gefen, kuma kowane rami yana da aikinsa: na sandunan riƙo, na fitilar baya, na wayar wuta, na lamba. Ramin da aka huda a gareji yakan bar kaifi a ciki, yakan karkace, wani lokaci ka ga an faɗaɗa shi don noti ya shiga dole. Sababbin madigadi da ake ƙerawa yau, a Ingila ko Indiya, da yawansu ana sayar da su ba rami, mai saye ne zai huda, kuma a nan hannun mutum ke bayyana. Auna tazarar ramukan da inci, ka bar milimita, don da inci aka zana baburan nan. Ka duba har zaren kusoshin. Tsofaffin suna da zaren keke mai ashirin da shida a inci, ko zaren inci na Ingila da ake kira BSF, sai a ƙarshen shekarun 1960 Triumph ya fara komawa zaren inci irin na Amurka da ake kira UNF. Kusa mai zaren milimita a jikin madigadi alama ce cewa an taɓa wurin.

Akwai ramuka biyu ko uku a doron madigadin gaba da mutane kan ɗauka ɓarna ce su sa a toshe da walda. Ka dakata tukun. A Ingila doka ta tilasta wa babura lambar gaba har zuwa 1975, kuma a tsaye ake ɗaura ta a doron madigadi. Baburan da aka yi wa kasuwar gida suna da waɗannan ramuka, waɗanda aka tura Amurka galibi ba su da su. Kasuwar ma tana canza ƙarfen: Bonneville na Amurka na wajen 1967 da 1968 ya tafi da madigadi masu ƙyalli na ƙarfen da ba ya tsatsa, na Ingila kuma masu fenti. Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta VMCC da ƙungiyoyin masu kowane samfuri suna riƙe da littattafan jigilar kamfanoni, inda za a iya gano ƙasar da aka aika babur ɗinka.

Tunda yana kife, duba bakinsa. Na asali an naɗe bakin daidai wa daida, wasu da waya a cikin naɗin, kuma ƙarfen ƙarfafawa na ciki an riƙe shi da ƙusar dannawa ko waldar ɗigo a jere. Dunƙulen waldar zamani ba aikin masana'antar BSA ta Small Heath ko ta Triumph ta Meriden ba ne. Ka kankare kaɗan a ƙarƙashin wani maɗauri da ba a taɓa kwancewa ba, a nan fentin farko ke ɓuya. Idan ka ga ruwan ƙasa mai ɗaukar ido a BSA Golden Flash, ko koren nan mai haske na Bantam D1, ka samu shaida mai ƙarfi. A Triumph masu fenti, zanen zinarin da ke gefen layin tsakiya da hannu aka ja shi, shi ya sa kaurinsa ba ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

A baburan da bayansu ba shi da hannun lilo, wato ƙarfen da ke riƙe tayar baya yana hawa da sauka da ita, irin BSA M20 na soja ko Golden Flash na 1950, wutsiyar madigadin baya tana ɗagawa ko tana cirewa don a fitar da taya. Guda ɗaya rak a irin wannan firam abin tuhuma ne. A gaba kuma, sandar riƙo ta ƙasa a babura da yawa ita ce jek ɗin tayar gaba, don haka ta fi sauran kauri kuma tana juyawa.

Sai gwajin ƙarshe, a kan babur. Na asali yana zama ba tare da an danne shi ba, tazararsa da taya ɗaya ce duk zagaye. Wanda aka yi wa wili inci 19 ba zai bi bayan na 17 ba, irin na Twenty One. Game da hotuna, na fi yarda da waɗanda aka ɗauka a zamanin, na mujallu da na masu baburan, a kan hoton babur da aka sabunta jiya, don mai sabuntawa ma yana iya kuskure.

Idan ka tabbatar naka na asali ne amma ya ci tsatsa, roƙona kada ka yar. Fanalbita mai haƙuri zai iya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe. Idan ya wuce gyara, ajiye shi ka kwafi ramukansa a kan sabon, ka kuma huda ƙanana tukun, sai ka gwada a babur da mutum zaune a kai kafin ka faɗaɗa.