Yadda Ake Ciyar da Shanu a Gandun Kiwo Lokacin Dusar Ƙanƙara

A jihohin Montana da Wayomin na Amurka da lardin Alberta na Kanada, dusar ƙanƙara takan rufe filayen kiwo na tsawon watanni, sanyi kuma yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. Shanun nama a can a fili suke kwana, kuma babban abin da ke ɗumama su shi ne zafin da tumbi ke fitarwa yayin da yake narkar da ciyawa. Tun hunturun 1886 zuwa 1887, wanda ya hallaka garkuna masu ɗimbin yawa, makiyayan yankin suka rungumi tanadin busasshiyar ciyawa maimakon barin shanu su tono abincinsu a ƙarƙashin ƙanƙara.

Aikin yana farawa da lissafi tun kafin sanyi ya kama. Saniya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyinta a kullum, wato mai nauyin kilo 550 za ta buƙaci kusan kilo 13 na ciyawa. A ninka wannan da yawan shanun da kwanakin hunturu, a kuma ƙara wani abu saboda wadda za a tattake ko ta lalace.

Daga nan sai a raba garken. Karsana masu cikin fari da tsofaffi da ramammu a ware su gefe guda, domin manyan shanu suna ture su daga abinci, kuma su ya kamata a ba ciyawa mafi kyau, kamar alfalfa, wadda a wajen gina jiki take kama da harawar gyaɗa ko ta wake.

Ranar ciyarwa, a ɗauki damin ciyawa da tarakta ko mota, a yanke igiya ko ragar da aka naɗe shi da ita a kwashe ta duka, domin idan saniya ta haɗiye ta tana iya toshe mata ciki. A warware damin a layi mai tsawo yadda kowace saniya za ta samu wurin tsayuwa, a bayan bishiyoyi ko shinge mai tare iska, kuma a riƙa sauya wuri don kashin ya bazu a filin ya zama taki.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne ƙara abinci gwargwadon sanyi. Saniya mai busasshen gashin hunturu takan jure har kusan sifili ba tare da ƙarin buƙata ba. Daga nan, kowane digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru yana ƙara mata buƙatar kuzari da kusan kashi 2 cikin ɗari. Idan gashin ya jiƙe, wahalar takan fara tun daga digiri 15 sama da sifili, ƙarin da kowane digiri yake jawowa kuma ya ninka. Saboda haka a bi hasashen yanayi, a fara ƙarin kafin guguwa ta iso. Masara tana taimakawa, amma kaɗan-kaɗan ake shigar da ita, don yawanta farat ɗaya yana tsamar da tumbi. Ciyarwar yamma ta fi, saboda zafin narkewar abinci zai zo daidai da tsananin sanyin dare, kuma wani makiyayi a Manitoba, Gus Konefal, ya lura cewa shanun da ake ciyarwa da dare sun fi haihuwa da rana.

Ruwa ba a wasa da shi, domin saniyar da ba ta sha ba takan rage ci. A fasa ƙanƙarar kwami da gatari safe da yamma, ko a sa na'urar ɗumama ruwa, a ajiye gishiri da sinadaran lasa a kusa. Kafin a tafi, a duba gadon bayan shanun: dusar ƙanƙarar da ta kwanta a kan saniya ba ta narke ba alama ce gashinta yana riƙe zafi, wadda kuwa take rawar ɗari ko ta ƙi tasowa cin abinci, a ware ta nan take a shimfiɗa mata busasshen kara.