Kayarwa a kan siminti ba irin ta katifa ba ce

Ina shekara ta uku da fara koyon judo wani ya ci kwalata da daddare a bakin titi. A wurin horo, abin da na fi gwanancewa a kai shi ne seoi-nage, wato ka juya baya ka ɗauki mutum ta kafaɗa. Ranar ko tunaninta ban yi ba. Wa zai ba wa wanda bai san abin da ke aljihunsa ba baya? Taɗiye shi na yi, ya zube, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Wannan taɗiyar ita ce osoto-gari, kuma ita nake so ka fara riƙewa. Kada ka dogara da rigarsa, yagewa take yi. Hannunka na hagu ya kama damtsensa na dama, ɗayan ya riƙe kafaɗa ko bayan wuya. Sunkuyar da haɓa, ka manne masa ƙirji da ƙirji, don naushi ba ya ƙarfi idan babu tazara. Sai ka tura shi baya har nauyinsa ya koma kan duddugensa na dama. Wannan shi ne kuzushi, tushen da Jigoro Kano ya gina judo a kai tun da ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882. In ka tsallake shi, kokawar ƙarfi kawai za ku yi, kuma wataƙila ya fi ka. Daga nan ka taka ƙafar hagu kusa da tasa ta dama, ka sharɓe bayan ƙafar tasa da taka ta dama.

Kada ka saki hannunsa yana faɗuwa. Shi bai koyi faɗuwa ba, kuma ƙeya a kan siminti tana iya zama ajali, ka wayi gari a gaban alƙali. Riƙe hannun yana rage bugun kai. Da ya kai ƙasa, saki, ka ja baya a tsaye. In ka bi shi ƙasa, takalmin abokinsa na jiran fuskarka.

Nutsawa a kamo ƙafafu biyu kuwa, ni ban cika so ba: gwiwa kan kwalta, wuya a buɗe. In ka ga wuƙa, kada ma ka matsa.

Wajen gwaji, ka sa kayanka na yau da kullum har da takalmi, ka ce wa abokin horo ya turje da gaske, wani lokaci ma ya matse ka jikin bango.