Daga Ontariyo zuwa Fulorida a mota: shirin tafiyar gudun sanyi ga ma'auratan da suka yi ritaya

Duk shekara, da zarar Oktoba ta ƙare, dattawa da yawa a Kanada kan rufe gida su nufi kudancin Amurka a mota, ba za a sake ganinsu ba sai Afrilu. Daga Toronto zuwa Tampa kusan kilomita 2,200 ne, tafiyar kwana uku ga wanda ba ya gaggawa. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan tafiya daga gida take samo asali, wato abin da aka bari ba a daidaita ba kafin a tayar da mota.

A fara da lissafin kwanaki, domin hukumomi uku ne ke ƙirga su, kowace da nata ma'aunin. Jami'an iyakar Amurka kan bar ɗan Kanada ya zauna har wata shida. Tun Afrilun 2025 kuma, wanda zai yi kwana 30 ko fiye sai ya tabbatar yana da rajista da hukumar shige da fice ta Amurka, don haka bayan an tsallaka a duba takardar I-94 (shaidar shiga Amurka) a intanet, idan ba ta fito ba a cike fom G-325R. Hukumar harajin Amurka nata lissafin daban ne: kwanakin bana duka, da kashi ɗaya cikin uku na bara, da kashi ɗaya cikin shida na bara waccan. Mai yin kwana 120 duk shekara zai tashi da 180, ya tsira, tunda bai kai iyakar kwana 183 ba. Mai yin 150 zai tashi da 225, ya haura 183, kuma ana iya ɗaukarsa mazaunin Amurka a sha'anin haraji sai fa idan ya aika fom 8840, mai nuna ya fi alaƙa da Kanada, kafin 15 ga Yuni. Ita kuwa inshorar lafiya ta Ontariyo sharaɗinta mutum ya zauna a lardin kwana 153 cikin kowane wata 12.

Ko da wannan inshorar tana aiki, abin da take biya a asibitin Amurka bai taka kara ya karya ba. A sayi inshorar tafiya, a kuma faɗi gaskiya a takardar tambayoyin lafiya. Idan likita ya sauya wa maigida ko uwargida maganin hawan jini ana dab da tafiya, a kira kamfanin a sanar da shi, domin yawancinsu suna da sharaɗin cewa ciwo ya zauna daram na wasu watanni ba tare da sauyin magani ba. Nan ne aka fi ƙin biyan mutane. Magunguna su kasance cikin kwalabensu na asali da sunan mai su, kuma abin da aka saba bari a shiga da shi na kwana 90 ne.

Sai gida. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ya sa bututu ke fashewa, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke. A rufe babban makunnin ruwa, a buɗe famfunan sama da na ƙasa har su tsiyaye, a ja ruwan masai, a zuba maganin hana daskarewa marar guba a masai da magudanan wanka da na kicin. Kada a kashe na'urar ɗumama gida, a bar ta a wajen digiri 13 na ma'aunin Celsius. A karanta takardar inshorar gida da kyau: da yawa suna buƙatar wani ya riƙa leƙa gidan a kai a kai lokacin sanyi, kuma gara mai leƙawar ya riƙa rubuta ranakun da ya zo.

Mota ta ga makanike mako biyu kafin tafiya, don a sami lokacin gyara. A duba birki, batir, baƙin mai da safaya. Taya ce ke raba kan mutane. Tayar hunturu tana riƙe ƙanƙara, amma robarta mai laushi ce, tana saurin cinyewa idan zafi ya haura digiri 7, ga shi za ta yi wata biyar a titin Fulorida. Abin da ya fi shi ne a tafi da tayar kowane yanayi, a tashi kafin ƙanƙara ta kankama, idan hasashen yanayi bai yi kyau ba a jinkirta kwana ɗaya ko biyu. Iskar taya tana ƙaruwa yayin da ake shiga zafi, don haka a auna ta kowace safiya kafin a hau titi.

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ta gadar Windsor zuwa Detroit, a hau babban titin I-75 a miƙe ta Ohio, Kentucky, Tennessee da Georgia. Ba ta da wuyar ganewa, matsalarta cunkoson Atlanta, wanda ya kamata a ratsa da sassafe ko ranar Lahadi. Ta biyu ta Fort Erie zuwa Buffalo, sai I-90, I-79, US-19 da I-77, sannan I-26 zuwa I-95. Ta fi kyan gani, amma tsakanin Buffalo da garin Erie dusar ƙanƙarar da ke tasowa daga tafki kan rufe hanya cikin awa guda, kuma gangaren Fancy Gap a Virginia ya yi suna wajen hazo. Wanda idonsa ba ya gani sosai da dare, I-75 ta fi masa. A kauce wa makon Alhamis ta huɗu a Nuwamba, lokacin da Amurkawa ke cika tituna don bikin godiya.

Kilomita 700 zuwa 750 a rana ya isa. A riƙa karɓar juna a sitiyari, a tsaya duk bayan awa biyu a taka ƙasa, saboda dogon zama na jawo gudan jini a jijiyar ƙafa. A kama ɗakin otal tun kafin magariba, kaya masu daraja kuma a shiga da su ciki. A iyaka a bayyana duk abincin da ke mota (lemu ba ya shiga), da kuɗin da ya haura dala 10,000. Na'urar E-ZPass tana biyan kuɗin hanya a New York da West Virginia, Fulorida ma tana karɓarta. Idan famfon mai ya nemi lambar yanki ta Amurka lokacin biya da kati, a ɗauki lambobi ukun da ke cikin lambar gidan waya ta Kanada a ƙara sifili biyu, misali K1A 0B1 ta zama 10100.

A yi ƙoƙarin isa da rana. Gidan Fulorida da ya sha damina a rufe sai an zaga shi tukuna: a duba funfuna a bango da cikin kabad, a buɗe ruwa a hankali ana lura da yoyo a ƙarƙashin famfuna, a bar kowane famfo ya zuba na 'yan mintuna. Hitar ruwa kada a ba ta wuta sai tankinta ya cika, wato sai famfon ruwan zafi ya daina tofar da iska, in ba haka ba ƙarfen da ke ɗumama ruwan zai ƙone nan take.