Yadda ake lallaɓa jirgin ɗaukar hoto a lokacin hadari

Yanzu da wuya a yi babban biki ko hawan sallah a garuruwan Ringim, Gumel ko Kazaure ba ka ji kukan dron, wato ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, a sama ba, kuma masu gonakin shinkafa a Kadawa da Auyo sun fara ɗaukar masu shi haya don duba ƙadadarsu. Tambayar da ke biyo damina ita ce ko ana iya tashinsa cikin hadari. Ba a yi. Abin da ake koya shi ne gane lokacin da za a sauko da shi.

Da farko ka san ƙarfin na'urarka. Ƙananan jiragen DJI Mini, waɗanda suka fi yawa a hannun masu ɗaukar biki, nauyinsu bai kai giram 250 ba, kuma iskar da kamfanin ya ce yawancinsu suna jurewa ba ta wuce kusan kilomita 38 a awa ba. Ba a yi su don ruwa ba, yayyafi ma yana shiga ta ramukan iska ya taɓa wayoyin ciki.

Kafin ka bar gida ka duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ko manhajar yanayi da ke nuna ƙarfin iska. Amma idan ka isa fili, ka ɗaga kai ka dubi gabas, don daga can yawancin hadarinmu ke tasowa. Nan ne masu dron suke tafka asara. Suna jiran ɗigon farko, alhali iska ce ke riga ruwa zuwa. A farkon damina, wajen Mayu da Yuni, gari zai yi luf da zafi, ganye ko motsi ba ya yi, sai ka hango jar ƙura ta tokare sama. Cikin 'yan mintuna iskar da ke yaye kwanon ɗaki ta iso. Tsoffin ƙauye sun fi waya sanin wannan, idan ka ga mata sun fara kwashe shanya ana kora awaki gida, kai ma ka kwashe naka. Kada kuma iskar ƙasa ta ruɗe ka. Dubi kan darbejiya ko giginya, don abin da ke kaɗawa a mita 100 ya fi wanda ke taɓa rigarka.

Idan ka ji tsawa, magana ta ƙare. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙararta: kowane 3 kusan kilomita ɗaya ne. A nan ba jirgin ake ji wa ba, kai ne da ke tsaye a tsakiyar fadama. Shiga ɗaki ko mota, ban da gindin bishiya, ka bari sai an yi minti 30 ba a sake tsawa ba.

To idan iskar ta riske shi a sama fa? Rage tsayi tukuna, ka mayar da maɓallin rimot kan harafin S don ya sami ƙarfin kutsawa, amma ka tuna a wannan yanayin ba ya kauce wa bishiya da kansa. Ban cika son a dogara da maɓallin dawowa gida ba, domin yakan haura da jirgin zuwa tsayin da aka saita masa, inda iska ta fi ƙarfi. Idan ya kasa dawowa, sauke shi a gonar da ke kusa, nesa da taron jama'a da wayar lantarki, ka taka ka ɗauko. Dabarar da ke rage wannan wahala ita ce tun farko ka tura shi ya fuskanci iska, ta yadda in batir ya yi ƙasa ita za ta turo maka shi.

Wanda ya jiƙe kuwa, a kashe shi nan take, a zare batir, a goge, a bar shi a inuwa mai iska kwana biyu ko uku kafin a gwada. Batirin da ya kumbura kada a sake yi masa caji, kada a ajiye shi kusa da rumbu ko ɗakin ciyawa.

Saura mai biki. Zai ce, "Haba malam, ɗauki ɗaya kawai kafin ruwa ya sauko." Tun ranar da ake ciniki ka gaya masa cewa in hadari ya haɗo, da kyamarar hannu za a ƙarasa aikin.