Cakulan shafawa ga mai ƙayyade kalori

Wanda yake ƙayyade kalorin abincinsa, wato yawan ƙarfin da abinci yake bai wa jiki, ba sai ya haramta wa kansa cakulan da ake shafa wa burodi ba, amma wajibi ne ya riƙa aunawa. Giram 100 na irin su Nutella yana ɗauke da kalori kusan 540, kuma fiye da rabinsa sukari ne, saboda haka giram 15 kacal, wato ƙaramin cokali guda da tozo, ya kai kalori 80. Babbar matsalarsa ita ce ba ya ƙosarwa, shi ya sa hannu yake yawan komawa kwalba. Ku ɗebi rabonku, ku rufe kwalbar ku ajiye ta nesa kafin ku fara ci, sannan ku rage sukarin shayinku na wannan ranar.