Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa ƙaramar tirelar yawon shaƙatawa shakazoba

Jama'a, masu jan 'yar ƙaramar tirelar nan a bayan mota, wadda ake zuba tanti da katifa da tukunyar gas da jarkokin ruwa a tafi kwana a waje, sun fara yawa a nan Jos, wasu a waje aka shigo musu da ita wasu kuma masu walda ne suka haɗa musu. Mafi yawansu sifirin ne kawai a ƙarƙashinsu babu shakazoba, shi ya sa in ka bi bayan mutum a hanyar Shere Hills ko ta Kurra Falls za ka ga tirelar tana ta tsalle bayan ta faɗa rami ɗaya tak, kayan ciki na haɗuwa, ƙwai ya fashe, murfin kula ya buɗe, notuna su kwance. Sa shakazoba yana gyara wannan sosai, amma wallahi aikin da ake yi wa mutane da yawa gara ma a ce ba a yi ba.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane, shakazoba ba ya ɗaukar nauyi. Sifirin ne ke ɗaukar kaya, shi kuwa aikinsa ya kashe lilon da sifirin ke yi bayan an daki rami, mai ne a cikinsa yake bi ta ƙananan ƙofofi a hankali, sai ƙarfin tsallen ya koma zafi ya fita. To in tirelarka ta zauna, bayanta ya kusa taɓa taya, ko ganyen sifirin ɗaya ya karye, ko ya miƙe ya daina lanƙwasa, kar wani ya ce maka shakazoba zai ɗaga ta. A fara gyara sifirin, a duba bushin da ratayen da ke riƙe shi, sannan a zo maganar shakazoba. Sannan ka leƙa ka ga irin aksil ɗinka, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin biyu, akwai wanda ba shi da sifirin kwata-kwata, roba ce a cikin bututun take murɗawa, irin wannan da kansa yake rage tsalle kuma ba kowanne ba ne aka yi masa wurin ɗaura shakazoba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen saye. Mutum zai shiga Dilimi ko Farin Gada ya ce a ba shi mai ƙarfi, mai shago ya miƙo na bayan Hilux ko na wata babbar jif, ya ce oga wannan ko shekara nawa ba abin da zai same shi. Gaskiya ne ba abin da zai same shi, tirelar ce za ta ji jiki. An yi shi ne don motar da ta kai tan 2, kai kuma tirelarka da kayanta duka ba ta wuce kilo 600 ko 750 ba, nauyinta ba zai iya danna shi ba, sai ya zama tamkar an sa sandar ƙarfe tsakanin aksil da shasi, wato ƙarfen da bodin tirela ke zaune a kai, duk dukan da taya ta sha sai ya wuce kai tsaye cikin bodi, tayar ma ta dinga barin ƙasa. Wanda ya dace shi ne na tirela ɗin kansa in an samu, in ba a samu ba a nemi na bayan ƙaramar mota mai laushi, kuma a sayi biyu iri ɗaya lamba ɗaya. Sabo a dama tokumbo a hagu, wannan kuskure ne, gefe ɗaya zai riƙe ɗaya ya saki. In tokumbon ne aljihu ya iya, ka tsayar da shi a tsaye ka danna ka ja da hannunka, in ka ji wani wuri ya wuce salam babu tauri ko ka ga mai ya jiƙa jikinsa har ƙura ta manne, ajiye musu kayansu.

Sai maganar awo, kuma nan ne nake so a tsaya da kyau domin duk aikin a kansa yake. Da yawa sai su ɗaga tirela a kan jak, babu komai a cikinta, tayoyi na reto, su kara shakazoba su ga inda ya kai, shikenan a kira mai walda. Ranar tafiya an cika tanki ko jarkoki, ka san ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, ga batir ga janareto ga itace, tirela ta sauka ƙasa, shakazoba ya riga ya kusa ƙurewa tun ba a bar gida ba. Rami na farko zai daki ƙarshensa, kuma tunda ba a yi shi don ya tare nauyi ba, ko dai abin cikinsa ya lalace ko kunnensa ya tsinke ko ya fizge ƙarfen da aka yi walda daga jikin shasi. Akasin haka ma yana faruwa, in ya yi gajere, duk sanda taya ta faɗa rami aksil sai ya rataya a jikinsa.

Gyaran ba wuya. A loda tirelar yadda za a yi tafiya da ita, a tsayar da ita a wuri mai daidai, a haɗe da mota. A auna shakazoba a matse, a auna shi a miƙe, a rubuta. Misali in a matse santimita 25 ne a miƙe kuma 39, to tafiyarsa 14 ce, sai a nemi wuraren ɗauri da tazararsu za ta kama wajen 32 lokacin da kaya ke ciki, wato yana tsakiya, yana da wurin shiga yana da wurin fita. Bayan haka a auna ratar da ke tsakanin aksil da robar da ke tare shi a sama, dole robar nan ce za ta fara tarewa kafin shakazoba ya ƙure, in tirelar ba ta da wannan robar ma a sa mata, ba ta da tsada. Sannan a ɗaga shasi taya ta sauka iya saukarta a tabbatar har yanzu akwai ɗan saura bai miƙe duka ba. In bakanike ya ce ba sai an yi duk wannan ba ya saba, ka ce masa malam a yi haƙuri a ɗauko tef, kuɗinka ne kuma iyalinka ne a motar.

Wani abin da ke biye da wannan shi ne kwantar da shi. Saboda ƙarƙashin ƙaramar tirela babu fili, sai a karkata shi sosai don ya shiga. Ɗan karkatawa ba laifi, har zuwa digiri 20 ko 30 daga tsaye yana aiki, a digiri 30 kana samun kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, amma da ya kai 45 rabi ya tafi, ya wuce haka kuwa ado ne kawai, aksil na hawa da sauka shi kuma da ƙyar yake motsi. In wuri ya yi kaɗan gara a nemi gajere, ko a ɗaga wurin ɗaurin sama ta gefen shasi. A kuma matso da shi kusa da taya gwargwadon iko, ba tsakiyar aksil ba, don a can gefe ne motsin yake. Kuma a kula da kai da gindi, yawancin waɗanda ke kasuwarmu masu bututu biyu ne, in aka kifa su iska ta shiga inda mai ya kamata ya zauna sun daina aiki, gindin mai man yana ƙasa, murfin ƙura yana sama. Kafin a ɗaura ma a tsayar da shi a danna a ja 'yan lokuta, saboda ya daɗe a kwance a shago.

Walda ita ma tana da nata. Kar a yi walda shakazoba na ɗaure a wurin, akwai mai a ciki wasu har da gas mai matsi, zafi na ƙona robar bakinsa kuma zai iya fashewa. A sauke tukunyar gas ɗin girki a kai ta nesa, a cire kan batir, a kawar da wayoyin fitila da na birki. Ƙarfen ɗaurin kuma ba ragowar ƙarfen ƙofa ko na gado ba, fallen ƙarfe mai kauri ake so kamar milimita 6, kuma in shasin sirara ce a yi mata faci mai faɗi tukuna don nauyin ya bazu, in ba haka ba waldar za ta riƙe amma ta yage jikin shasin ta fita da shi. In huda za a yi, a huda gefen shasi, kar a taɓa leɓen sama ko na ƙasa don su ne ƙarfinta. Na ƙasa kuwa ya fi kyau a haɗa shi da farantin da ke riƙe sifirin da aksil maimakon a zuba wuta a kan bututun aksil, zafi mai yawa yana iya lanƙwasa shi kaɗan, ido ba zai gani ba sai taya ta fara cin gefe ɗaya. Amma fa kar a bar shi ya leƙo ƙasa da yawa, hanyoyinmu na Filato duwatsu ne, abin da ya fi kowa sauka shi dutse zai fara gaisarwa. In an kwance notunan da ke riƙe aksil, gara a sa sabbi.

Ƙananan abubuwa da ake rainawa: a duba kan bol a ga an rubuta 8.8 ko 10.9, wanda babu rubutu a kansa na kafinta ne. Kar a kama sandar shakazoba mai ƙyalli da filaya, ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yanka roba mai ya fara zuba. Kar a shafa wa bushin roba giris ko baƙin mai, yana cinye ta, ruwan sabulu ya isa. Ɗaurin ƙarshe kuma sai an sauke tirela tayoyi sun taka ƙasa da kayanta, in aka ƙulle tana sama robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri, kuma ba a matse ta har ta fito ta gefe, da ta kumbura ta yi daidai da faɗin washa a tsaya. Don Allah kuma kar kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita, a sa abin tokare mai ƙarfi a kuma sa wa tayoyi waigi.

Akwai masu sa shakazoba don tirelarsu na kaɗa wutsiya dama da hagu in an ɗan taka mota, su wannan ba maganinsu ba ke nan, kuma abin na da haɗari ƙwarai musamman a gangara irin Hawan Kibo ga manyan motoci na wucewa iskarsu na ture ka. Kaɗawar nan yawanci daga lodi take, an tara nauyi a bayan aksil. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusan kashi 60 cikin 100 a gaban aksil, ta yadda kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar zai sauka a kan ƙugiyar mota, tirela mai kilo 700 ke nan kilo 70 zuwa 100 da ɗoriya, ko da sikelin awon buhu za ka iya gwadawa. A ɗaure kayan kar su gangara baya a kan hawa, a duba iskar taya tun da safe kafin ta yi zafi, kuma tirelar ta tsaya miƙe da mota ba hancinta a sama ba. In ta fara kaɗawa a hanya kar ka daki birki kar ka yi kokawa da sitiyari, ɗage ƙafa daga totur ka riƙe shi miƙe har ta lafa.

In an gama aiki kar a ɗauki hanyar Yankari washegari kai tsaye. A fara zagayawa da kaya a ciki, a bi hanya mai ɗan gargada na mintuna, a tsaya a taɓa jikin kowane shakazoba da bayan hannu a hankali, in ya yi ɗumi yana aiki, in ɗaya ya yi ɗumi ɗaya na sanyi ƙalau to akwai matsala a wannan gefen. A leƙa a ga ko akwai inda ya goga taya ko waya ko shasi, fenti zai nuna. Bayan kilomita 80 zuwa 100 na farko a sake bin duk notunan da sifana, har da na taya, kuma duk sanda aka dawo daga hanyar daji a wanke laka a duba bakin waldar, in an ga siririn layin tsatsa a gefenta tsagewa ce ta fara, a kai a gyara kafin tafiya ta gaba.